Allurar Sinawa, Ƙahon Wanzami da Jakin Manomi: Lacca a Matazu



Mai girma wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Sarkin Aska da jama'arsa, ma'aikatan lafiya, 'yan makaranta, iyayenmu mata da ke can baya, da matasan garin nan da suka haɗa wannan taro, barkanmu da warhaka. Na gode da kuka kira ni yanzu da kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, auduga ta kama hanyar Funtua. Da a tsakiyar damina ne, na san da kujeru zan yi magana.

Batun da aka ba ni shi ne akufanca, wato jinyar da Sinawa ke yi da tsira allura, da sauran magungunansu na gargajiya, da abin da suke yi wa cututtukan yau da kullum. Da takardar ta iso mini sai da na yi dariya, na ce wa ya taɓa ganin mai tsira allura a Matazu? Daga baya na zauna na yi lissafi, sai na ga maganin Sinawa ya daɗe da shigowa garin nan, ta ƙofa uku ma, ba mu dai san sunansa ba ne. Ni aikina haɗa magunguna, ban taɓa tsira wa kowa allurar Sinawa ba. Abin da na karanta da abin da na gani a bakin aiki zan faɗa, cikin maganganu bakwai.

Kafin nan, wanda aka taɓa yi wa ƙaho ya ɗaga hannu. Madalla, kusan rabin rumfa. To ku sauke, zan dawo kanku.

Magana ta ɗaya: mene ne akufanca?

Allura ce siririya ƙwarai, kusan kaurin gashin wutsiyar doki, ba ta da rami, ba a ɗura komai a cikinta. Ana tsira ta a wasu wurare na jiki, a bar ta kamar minti ashirin ko talatin, wani lokaci a riƙa murza ta, sannan a zare. Tsofaffin likitocin Sin sun ce akwai wani ƙarfi da ke gudana a jikin mutum, suna kiransa “ci”, yana bin manyan hanyoyi goma sha biyu kamar yadda ruwa ke bin magudana a fadama. In hanya ta toshe sai ciwo, allura kuma ita ke buɗe ta. Wuraren da aka daidaita a kansu yau 361 ne. Littafin da ya kafa wannan tunani, Huangdi Neijing, ya haura shekara dubu biyu.

Likitocin fiɗa sun buɗe jikin mutum ciki da bai, ba su ga waɗannan hanyoyi ba. Abin da aka gani shi ne allurar na taɓa jijiyoyi, kuma binciken da aka yi a shekarun 1970, irin na Han Jisheng a Beijing, ya nuna jiki na sakin nasa sinadarin kashe zafi idan an yi ta. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Wanzami ma zai ce maka mataccen jini yake ja, mu kuma a asibiti ba mu san wani jini da ya mutu yana yawo a gadon baya ba, amma mutum yakan tashi daga gaban wanzami ya ce ya ji sakayau. Bayanin da mai magani ya bayar daban, aikin maganin daban.

Kada kuma a ɗauka Sinawa sun taru sun yarda da abin tun fil azal. A 1822 sarkinsu ya hana koyar da shi a makarantar likitocin fada. A 1929 gwamnatinsu ta yi yunƙurin soke maganin gargajiya baki ɗaya. Sai a shekarun 1950, zamanin Mao, da aka ga likitocin zamani ba za su ishi ƙauyuka ba, aka farfaɗo da shi. Turawa kuwa a 1971 ya shiga kunnensu sosai, lokacin da wani ɗan jaridar Amurka, James Reston, ya kwanta asibiti a Beijing aka yi masa aiki a ciki, aka rage masa zafin bayan aikin da allura, ya ba da labari a jaridar New York Times. Nan kusa da mu, tun 1976 Sin ke aika tawagar likitoci Jamhuriyar Nijar, don haka 'yan'uwanmu na can sun riga mu ganin allurar da idonsu.

Magana ta biyu: yana aiki?

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne gizo ke saƙa. Jamusawa sun yi wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2007. Sun ɗauki mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, irin wanda kowane manomi a nan ya sani bayan noman farko da maimai. Suka raba su kashi uku. Kashi na farko aka yi musu akufanca yadda littafi ya ce. Kashi na biyu aka tsira musu allura sama-sama, a wuraren da ba su ne na littafi ba, ba tare da sun sani ba. Kashi na uku aka ba su abin da asibiti ya saba bayarwa, ƙwayoyi da motsa jiki. Bayan wata shida aka duba. A kashi na farko, kusan 48 cikin ɗari sun sami sauƙi. A na uku, 27 cikin ɗari. Masu allura suka fara murna. To na biyun fa, waɗanda aka tsira musu a wurin da ba wurin ba? 44 cikin ɗari.

Ku tsaya ku auna wannan. Allura ta fi ƙwaya, amma allurar da aka tsira a daidai da wadda aka tsira a karkace kusan kunnen doki suka yi. Me ya warkar da mutanen ke nan? Wasu masana suka ce tsirar kanta ce, ko a ina aka yi ta. Wasu suka ce zaman ne: an kwantar da kai, an saurari kukanka, an taɓa inda ke ciwo, ka saki jiki rabin awa, ka sa rai. Ni dai ina ganin duka biyun suna ciki, kuma na biyun ya fi ba ni kunya, domin mu ma'aikatan asibiti mun san minti nawa muke ba mara lafiya kafin mu ce na gaba ya shigo. Sarkin Aska yana murmushi. Ai ka yi gaskiya, Baba, ku kuna tambayar mutum iyalinsa da gonarsa kafin ku kafa ƙaho.

Hukumomi ma ba su gama daidaita bakinsu ba. Jamus ta amince inshorar lafiya ta riƙa biyan kuɗin akufanca don ciwon baya da na gwiwa. Hukumar da ke tsara jinya a Ingila ta ce a 2016 kada a yi shi don ciwon baya, amma ta yarda da shi don rage yawan ciwon kai, har da na ɓari guda, kuma a 2021 ta ce ana iya gwada shi ga daɗaɗɗen ciwon jiki da ba a gano sanadinsa ba. Akwai kuma shaida mai kyau cewa tsira ko danna wani wuri a cikin wuyan hannu na rage tashin zuciya bayan tiyata. To ga iyakar gonar: ciwon baya, wuya, gwiwa, kai, da tashin zuciya. Sauƙi yake kawowa, ba mai yawa ba, kuma ba ga kowa ba.

Magana ta uku: abin da ba ya yi, da abin da zai iya jawowa.

Ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon suga. Ba ya warkar da ciwon daji, tarin fuka ko sikila. Wanda ya ce ka ajiye ƙwayarka ta hawan jini don zai tsira maka allura, to hanyar shanyewar ɓarin jiki ya nuna maka. Wanda ɓarin jikinsa ya riga ya shanye, a Sin akan haɗa masa allura da gashi da motsa gaɓoɓi, amma kada a yar da gashin a kama allurar.

Haɗarinta kuma biyu ne. A hannun wanda bai ƙware ba, allurar da ta nutse a ƙirji ko gadon baya tana iya huda huhu. Na biyu ya shafe mu kai tsaye, mu da muka ɗaga hannu ɗazu. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin ɗari na manyan Nijeriya na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. A rumfar nan in mun kai ɗari biyu, ku yi lissafin da kanku. Ƙwayar tana iya kwana bakwai a busasshen jini ba ta mutu ba. Duk ƙarfen da ya shiga jikin wani, allurar Basine ce, askar tsaga ce, ta ɓalli-ɓalli ce ko ta cire beli, bai kamata ya shiga jikinka ba. Masu akufanca na kirki sun koma allurar da ake ɓare ta a gabanka, a yar bayan an gama. Reza sabuwa nawa take? Ka tafi da taka. Na san wanzamai da yawa a ƙasar nan sun riga sun koma haka, Allah ya saka musu.

Magana ta huɗu: maganin Sinawan da ke cikin kowane kemis a Matazu.

Ga ƙofa ta farko. Wa ya taɓa shan Coartem, ko 'yan'uwansa da ake sha safe da yamma kwana uku? Kowa. To kun sha maganin gargajiyar Sinawa, sai dai ya bi ta makaranta kafin ya iso muku.

Ga yadda aka yi. Lokacin yaƙin Biyetnam zazzaɓi na kashe sojoji, kulorokwin ya daina ci. Ranar 23 ga Mayu, 1967, gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri don neman sabon magani. A 1969 aka ɗora wata mata mai suna Tu Youyou a kan wata tawaga. Ita da mutanenta suka bi tsofaffin littattafai da masu magani, suka tattara haɗe-haɗe sama da 2,000. Ku riƙe wannan adadi. Suka riƙa gwada waɗanda suka zaɓa daga ciki a kan ɓeraye ɗaya bayan ɗaya, kusan duka suka faɗi. Wani ganye da suke kira cinhawo yakan yi aiki yau, gobe ya ƙi. Sai ta koma wani littafi da Ge Hong ya rubuta a ƙarni na huɗu, ta lura bai ce a dafa ganyen ba, jiƙawa ya ce a yi a matse. Ashe wuta ce ke lalata sinadarin. Ta sauya hanya, ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba. A watan Oktoba na 1971, samfuri mai lamba 191 ya kashe ƙwayar zazzaɓin kakaf a jikin ɓeraye. Kafin a ba marasa lafiya, ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu. Sinadarin shi ne atemisinin. A 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma magungunan da aka gina a kansa, a 2015 kuma Tu Youyou ta sami lambar Nobel. Allurar atesunet da ake yi wa yaron da aka kawo yana jijjiga, daga ganyen nan take. Hatta ɗaya sinadarin da ke cikin Coartem, lumefantirin, a Sin aka ƙirƙiro shi.

Haɗi dubu biyu, kowanne da kakan da ya rantse a kansa, guda ɗaya ya fita zakka. Sai da gwaji akan san na ƙwarai, in ji Hausawa, kuma ban san inda karin maganar nan ya fi zama daram kamar nan ba.

Na san abin da ke ran wasu. Ganyen nan ɗan'uwan tazargade ne, danginsu ɗaya, kuma mun ga yadda tazargade ya yi kasuwa lokacin korona. To me zai hana mu jiƙa mu sha? Abin da zai hana shi ne babu mai iya sanin yawan sinadarin da ke cikin kofi. Ƙwayar cutar da aka ba ta magani bai isa ba, ba ta mutuwa, sabawa take yi. An riga an ga alamun hakan a Ruwanda da Yuganda. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan shan jiƙon ganyen a madadin ƙwaya. Haka nan wanda ya sha kwana ɗaya, ya ji jiki ya yi daɗi, ya ajiye sauran don wani zazzaɓin. Iyayenmu mata, da ku nake: sau shida ne, a cika su, kuma a haɗa da abinci mai maiƙo, ko nono ko ƙuli-ƙuli, don maganin ya fi shiga jiki.

Magana ta biyar: kayan cikin jaka.

Ƙofa ta biyu ke nan. Kun san su, masu ganyen shayi da ƙwanso a kwalaye masu rubutun Caina, wani lokaci da na'urar da za ka riƙe wani ƙarfe ta karanto maka cuta goma sha biyu cikin minti ɗaya. Na taɓa sa wani ya gwada ni sau biyu a yini ɗaya. Da safe ƙodata ce ta lalace, da la'asar ta warke, hanta ta karɓa. Kuma ko wace cuta na'urar ta gano, maganinta na cikin jakar. Yawancin masu tallar 'ya'yanmu ne da ke neman na kansu, su ma an sayar musu da labari ne, don haka ba zaginsu nake ba.

Amma “ai ganye ne, ba ya illa” magana ce da ta kai mutane kabari. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasel na Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata haɗin ganyayen Sin. Aka sami kuskure, wata saiwa ta maye gurbin wata saboda sunayensu sun yi kama. Mata sama da ɗari ƙodarsu ta lalace, da yawa sai wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma ciwon dajin mafitsara ya biyo baya. Dangin wannan tsiro suna nan a dajinmu, duman dutse na cikinsu. Ban faɗi haka don in tsorata masu magani ba, na faɗa ne don su san ƙoda ba ta kuka sai ta kusa gamawa.

In za ka saya, duba lambar NAFDAC. Ka kuma sani, lambar maganin ganye da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an duba ba a ga guba a fili ba, ba ta nufin hukuma ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a kwalin. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai shan maganin yau da kullum, kada su sha sai sun nuna wa ma'aikacin lafiya. In kuma kun zo asibiti, ku faɗa mana abin da kuka sha a gida. Mu ma sai mu rage tsawa, don tsawarmu ce ke sa ku ɓoye.

Magana ta shida: jaki.

Ga ƙofa ta uku, kuma ba wanda ya buɗe ta da saninsa. Dattawa, nawa kuke sayen jaki shekara ashirin da suka wuce, nawa yake yau? Ba faɗuwar naira kaɗai ba ce. Akwai wani maganin Sinawa, ejiyawo, da ake dafa fatar jaki har ta zama kamar ƙaro, ana sha don ƙarin jini da gyaran jiki. Da na masu hali ne ƙalilan, yanzu ya zama na miliyoyi. A farkon shekarun 1990 Sin na da jakai wajen miliyan 11, yau ba ta da ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan. Sai aka juyo Afirka. Motocin da kuke gani shaƙe da jakai suna yin kudu, fatar da yawansu teku za ta haye. Jaka kuwa shekara guda take ɗaukar ciki ta haifi ɗa ɗaya, ba akuya ba ce. Nijar ta hana fitar da jakai a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a watan Fabrairu na 2024. Da akan ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Yanzu kowa ma zai so haka. Mai kai taki gona da mai ɗebo ruwa su ne ke biyan kuɗin wannan magani, alhali ba su taɓa ɗanɗana shi ba.

Magana ta bakwai, a taƙaice: namu fa?

Ba mu rasa gado ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basir da na filasko. Ƙaho kuwa malamai na nan, sun fi ni sanin matsayinsa a hadisi. An ma taɓa bin irin hanyar Tu Youyou a ƙasar nan. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya, ta gwada shi, ta fitar da Niprisan don rage tashin ciwon sikila. A cikin kayan haɗinsa akwai masoro, kanumfari da karan dafi, duk ana samunsu a kasuwar garin nan. Samar da shi ya yi ta tsayawa yana tashi saboda matsalar kuɗi da kasuwanci, wannan kuma ciwo ne na daban.

Roƙona ƙarami ne. 'Yan makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya da na gani a nan, in kun zo hutu, kowa ya sayi littafin rubutu ya zauna wurin wanzami, maɗori, ungozoma ko mai saiwa na unguwarsu, in sun yarda. Ku rubuta wa ya zo, me ke damunsa, me aka ba shi, sannan bayan sati biyu ku bi shi gida ku ga yadda ya ƙare. Ku rubuta wanda ya warke, ku rubuta wanda bai warke ba, don shi ne ba a taɓa jin labarinsa. Sarkin Aska, ba asirinku za a tona ba, haɗin yana wurinku, sakamakon kawai muke so. Su kuma iyayen namu, in sun ga yaro da zazzaɓi mai zafi, ko mai jego tana zubar da jini, ko ƙari da ke girma, su turo mana da wuri.

Na ga mai gabatarwa yana duba agogo, la'asar ta kawo jiki.  Inda na yi kuskure a gafarce ni. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, iyaye mata kuma in ba a son tashi a aiko yaro da takarda. Amma Sarkin Aska za mu fara ba dama, don tun ina maganar mataccen jini na ga yana gyara zama.